Folima mai sarrafa haske da lantarki: me ya hana ta cin kasuwa?

Sadik_Fiziks:
Salam jama'a. Ina karatu ne a kan modileta, na'urar nan da ke ɗora data a kan hasken leza kafin ya shiga wayar faiba, sai na ga ana ta yabon folima, wato sinadari dangin roba, wai ta fi kiristal ɗin litiyam niyobet nesa ba kusa ba. To in haka ne me ya sa har yau silikon da niyobet ɗin ake sawa a cibiyoyin data? Don Allah masana a warware min.

Dakta_Hauwa:
Wa alaikumus salam Sadik. Yabon gaskiya ne. Abin da ake nema shi ne tasirin Pockels, ka sa wa abu lantarki saurin haske a cikinsa ya canza nan take. Ana auna ƙarfin wannan tasirin da fikomita a kowane bolt (fikomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na mita). Niyobet yana ba da kusan 30, folima mai kyau kuwa ta haura 100, wasu ma sun wuce 300. Tun 2000 su Larry Dalton suka nuna modileta na folima da ke aiki da ƙasa da bolt 1. Amma fa ka gane, folimar ita kanta ba ta yin komai, ƙwayoyin rini ne ake zubawa a ciki, kuromofo ake ce musu, kuma dole sai duk sun fuskanci gefe ɗaya. Shi ya sa ake dumama ta har ta fara laushi, a sa mata lantarki mai ƙarfi kamar bolt 100 a kowace maikuromita (kashi ɗaya cikin miliyan na mita), ƙwayoyin su jeru kamar sahun sallah, sannan a sanyaya ta ba tare da an cire lantarkin ba don su daskare a haka. Matsalar kenan, su ba sa son zama a jere, in zafi ya taɓa su a hankali kowa zai karkace, ƙarfin Pockels ɗin ya ragu. Ga iskar oksijin in ta haɗu da hasken leza tana lalata rinin.

Injiniya_Bash:
Dakta ta faɗi gaskiya. Kamfani ba ruwansa da rikodin da ka kafa a lab, tambayarsa ita ce abin zai jure zafin digiri 85 a ma'aunin Selsiyas na awanni dubbai? zai jure zafin solda lokacin haɗawa? Niyobet kiristal ne, jerinsa ba ya rushewa haka kawai. Kuma tun da ƙungiyar Marko Lončar a Harvard ta fito da modileta na siririn niyobet a 2018 gasar ta ƙara tsanani.

Sadik_Fiziks:
Na gode sosai. Kenan Dakta an haƙura da ita ne?

Dakta_Hauwa:
A'a wallahi, ni a ganina yanzu ma aikin ya yi daɗi. Silikon shi kaɗai ba shi da Pockels saboda yadda kiristal ɗinsa yake, sai su Christian Koos a Karlsruhe ta Jamus suke yanka ɗan siririn rami a silikon su cika shi da folima, haske da lantarki duk su matsu a wuri ɗaya, na'urar ta gajarce sosai. A jami'ar ETH Zurich ta Switzerland su Juerg Leuthold suka yi ramin da zinare, a 2019 saurin na'urar ya kai gigahaz 500, wato sau biliyan 500 a sakan, wannan ba wasa ba ne. Batun zafi kuma a Jami'ar Kyushu ta Japan sun nuna a 2020 modileta mai gigabit 200 a sakan da ke aiki a digiri 110, da folimar da ba ta laushi sai zafi ya yi yawa. Wasu kuma suna ɗaure sarƙoƙin folimar da juna bayan an jera ƙwayoyin, sai dai sau da yawa in ka samu juriya ƙarfin ya ɗan sauka, nan ne ake ta fama.

Injiniya_Bash:
Kar a manta da rufin na'urar, in ba a toshe iska da danshi ba duk wahalar banza ce. Sadik in furojet kake nema ka duba ɓangaren gwajin tsufa, ka auna ƙarfin kafin da bayan zafi, wannan datar kamfanoni ke fara tambaya.