Wane gam kuke liƙa kati da shi?

Mai haɗa katin biki, Kano
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya na haɗa katin gayyata guda 60 na kamun ƙanwata, na liƙa siririyar takarda mai ruwan gwal a kan kwali da farin gam irin na kafintoci. Da daddare sumul suke. Gari na wayewa na tarar duk sun bauɗe, takardar sama ta yamutse kamar fatar hannun da ya daɗe a wanki. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya gwada da hannunsa.

Malamar firamare, Zariya
Wa alaikumus salam. Sannu ƙanwata, na san zafin nan. Ruwan da ke cikin gam ɗin ne ya yi miki haka. Takarda idan ta sha ruwa kumbura take, in ta bushe ta tsuke, to ɓari ɗaya ya jiƙe ɗaya yana bushe, dole katin ya karkace. Ni ɗigo nake yi kamar ƙwayar dawa, in baza shi da tsohon katin banki har sai ya zama kamar ba a shafa komai ba. Sannan in sa leda tsakanin kati da kati, in danne da manyan littattafai su kwana. Ki kula da kauri kuma. Takardar fotokwafi mai giram 80, wato nauyinta a kowace murabba'in mita, ba ta jure farin gam, amma kwali mai giram 250 ko 300 ko a jikinsa.

Ɗalibar zane, Maiduguri
Malama ta gama magana. A siririyar takarda ni gam mai kama da jambaki nake murzawa, irin wanda kamfanin Henkel na Jamus ya fara fitarwa a 1969 da sunan Pritt. Ruwansa kaɗan ne, takarda ba ta yamutsewa. Sai dai lokacin hunturu a yi sauri, kafin ki daidaita gefe ya bushe. Kuma ba ya riƙe duwatsun ado ko zare.

Tsohon mai ɗinkin littattafai, Katsina
'Ya'yana, bari in sa baki. Mu da sitaci muka tashi. A dama shi da ruwan sanyi, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har ya yi sheƙi kamar koko mai kauri, a bar shi ya huce, a tace da ƙyalle. Yana kwanciya luf a takarda, in an yi kuskure a ɗan jiƙa a ɗaga ba tare da an yaga ba, shi ya sa masu gyaran tsofaffin littattafai har yau ba su rabu da shi ba. Amma kwana biyu ya yi tsami, don haka daidai aikin yini ake damawa. Kyankyasai kuma suna sonsa. Na taɓa buɗe akwati da damina na tarar sun gwaguye bayan littattafai uku. Ƙaro ma, wanda almajirai ke sawa a tawada, muna jiƙa shi mu shafa a bakin ambulan. Ya bushe, ranar da za a rufe a taɓa da ruwa ya kama. Kada dai a sa shi inda kati ke naɗewa, tsagewa yake.

Mai kayan kyauta, Sakkwato
Allah ya ƙara lafiya, Baba. Ni gam na kyandir, wanda ake narkawa da 'yar na'ura mai kama da bindiga, shi nake sa wa furanni da ribon. A watan Afrilu na bar akwatunan kyauta a gaban mota da rana tsaka, na dawo furannin sun zame gefe guda. Tun ranar a jaka nake riƙe su. A shimfiɗaɗɗiyar takarda kuma tudu yake bari.

Mai ɗinki, Maraɗi
Gargaɗi ɗaya: sufa gulu da auduga ba sa shiri. Na ɗiga shi a kan ƙyallen auduga zan liƙa a kati, nan take ya ɗau zafi har ya ƙona min yatsa. Ga farin tabo da yake bari kewaye da dutsen ado.

Mai haɗa katin biki, Kano
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya na sake guda 10 yadda Malama ta ce, na danne da ƙamus da turmin atamfa biyu. Tara sun fito miƙe. Na goman na cika masa gam a kusurwa, shi kaɗai ya ɗaga. Saura 50, kamu kuma ranar Alhamis. Baba, sitacin rogo na wanki zai yi, ko sai na alkama?