Wa ya taɓa zuwa tsohuwar masana'antar ƙarfe ta Völklingen? A ba mu labari

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Jamus da kewaye. Hutun yara ya matso, maigidan kuma ya nace sai mun je Völklingen, wai akwai wata tsohuwar masana'antar narka ƙarfe da aka mayar wurin tarihi da baje kolin zane-zane. Na duba hotuna, ban ga komai ba sai tsatsa da bututai. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya faɗa mini tsakaninsa da Allah, wuri ne da za a je da yara 'yan shekara bakwai da goma? Sannan mahaifina yana nan tare da mu, ƙafarsa ba ta son hawa. Abin da idonku ya gani nake so.

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam Maman Khalifa. Ku je, ba za ku yi da-na-sani ba. A Saarbrücken nake zaune, daga nan zuwa Völklingen kamar minti goma ne a jirgin ƙasa, kuma tun kina kan dandamalin tasha za ki ga abin ya tokare sama a gabanki, ba sai kin tambayi hanya ba.

A 1873 aka kafa wurin, bai yi nisa ba ya durƙushe, sai Carl Röchling ya saye shi a 1881, aka kunna tanderun farko a 1883. Daga baya tanderun suka kai shida, a jere suke har yau. A 1986 aka kashe wuta, a 1994 kuma UNESCO ta saka wurin cikin jerin kayan tarihi na duniya. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne kusan komai yana nan, ba a cire ba. Za ki iya bin tama da ƙafarki tun daga rumbun da ake jibge ta, ki ga ƙananan taragai masu rataye a jikin dogo da ke ɗaukar ta tare da gasasshen kwal zuwa sama, har inda ake juye su a bakin tanderu. Wannan dandamalin juyewa yana da tsayin mita 27, akwai kuma wani wurin hange a samansa mai mita 45. Idan za a zagaye duka, tafiyar ta kai wajen kilomita bakwai. Baba ba sai ya yi duka ba, akwai lif a wasu sassan, wurare da dama kuma a shimfiɗe suke. Can ƙololuwar ce dai sai da matakala.

Ɗan Maƙera:
Yaya, bari in sa baki, don ni abin ya taɓa ni ta inda ban zata ba. Ni ɗan gidan maƙera ne a cikin birnin Kano. Tun ban kai in ɗaga masaba ba aikina shi ne zuga, in zauna a gefen kakanmu ina danna zuga-zugi hagu da dama har kafaɗata ta yi tsami, in na sassauta ya ɗago kai ya dube ni kawai, ba ya ko magana.

Da muka shiga babban zauren injunan hura iska, sai na tsaya cak. Injuna ne baƙaƙe ƙirin, ƙafafunsu masu juyawa sun ninka tsawon mutum wajen sau uku, har yanzu kana jin warin tsohon man inji a ɗakin. Goma ne a da, shida suka rage. Mai yi mana bayani ya ce aikinsu ɗaya ne, su tura iska cikin tanderu dare da rana, kuma iskar gas ɗin da ke fitowa daga tanderun ita ce ke juya su. Na ce a raina, to ai wannan zuga-zugin kakanmu ne aka mayar da shi girman gida. Iska, wuta, gawayi, tama. Abin da mutanen da suka fara zama a gindin Dala suka sani ke nan, sai dai a nan ana fara gasa iskar ta haura digiri dubu kafin a hura ta.

Mai bayanin nan dattijo ne, ya ce ya yi aiki a wurin da ƙuruciyarsa. Na tambaye shi me ya fi tunawa, ya ce ƙara. Wai a zauren nan ba ka jin maganar wanda ke tsaye a kafaɗarka, sai da hannu ake magana, kuma da yawa cikin abokan aikinsa sun tsufa da kunne ɗaya. Ya nuna mini ƙasan tanderu inda ake huda shi narkakken ƙarfe ya kwararo ta magudana, ya ce a nan gabanka yana gasuwa, bayanka kuma sanyin hunturu na dukansa. Na ce masa ni ma a bakin wuta na tashi. Ya kama hannuna ya juya tafin yana dubawa, ya gyaɗa kai. In Baba yana da sha'awar sana'ar hannu, ki kai shi zauren nan ki bar shi ya zauna, ya ishe shi.

Hajiya Mairo:
Sannunku. Mu daga Metz muka taso da mota, ni da jikoki, tafiyar ba ta da nisa tunda wurin dab yake da iyakar Faransa. Ashe ma tamar da suka daɗe suna narkawa daga yankinmu na Lorraine ake kawo ta. 'Yata, a kan yara kada ki ji komai. Akwai sashen da aka yi domin su, Ferrodrom, inda suke taɓa abubuwa da hannunsu, su ga yadda wuta da ruwa da iska suke aiki. Hular kwano da ake bayarwa kafin a hau sama ita ta fi burge nawa, da ƙyar na karɓe ta na mayar.

Ki sa musu takalmi mai rufi, ke ma haka. Matakalar ragar ƙarfe ce, kina taka ta kina hango ƙasa ta ƙarƙashin ƙafarki, ga iska a can sama tana jan mayafi, sai kin ɗaure shi tamau. Ki yi guzuri daga gida. Sallar azahar kuma a lambun baya na yi ta, wanda suke kira Paradies. Nan ne a da ake gasa kwal, an ce babu inda ya kai shi zafi da hayaƙi a duk masana'antar, yanzu itatuwa sun fito ta cikin tubalin, da benci-benci a inuwa. Na shimfiɗa dardumata a wani lungu, babu wanda ya ce mini uffan. Akwai wani ƙaton gunkin goggon biri a can ciki, yaran sun yi ta ihu da suka hango shi.

Sadiya:
Akwai ɗakin da nake so Anti ta sani kafin ta shiga da yara. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an sa mutane fiye da 12,000 aikin tilas a masana'antar nan, an kwaso su daga Tarayyar Sobiyet da Faransa da Italiya da wasu ƙasashen, maza da mata. Sama da 250 sun mutu a nan, cikinsu har da jarirai da ƙananan yara. Hermann Röchling, wanda ke riƙe da kamfanin a lokacin, na hannun daman gwamnatin Hitler ne, bayan yaƙi kotun Faransa da ta zauna a Rastatt ta ɗaure shi.

Wani mai fasaha Bafaranshe, Christian Boltanski, ya yi musu wurin tunawa a 2018. Lungu ne siriri mai duhu, dama da hagu akwatunan ƙarfe masu tsatsa an jera su har sama, kowanne da lamba. A tsakiya an tara baƙaƙen riguna da wanduna tsibi guda. Kana tafiya kana jin ana raɗa sunaye ta ko'ina, ɗaya bayan ɗaya. Na shiga da ƙawata muna hira, mun fito babu mai cewa komai. Ɗan shekara goma zai iya shiga in an yi masa bayani tukuna, ƙaramin kam gara ya jira a waje da Baba.

Malam Ɗanjuma Kakuri:
Ku yi mini haƙuri, ni ra'ayina ya ɗan sha bamban. Na je, na hau har sama, na ga kogin Saar da tsibin kashin ƙarfe da suka zama tsaunuka a hayi, ban ce babu kyau ba. Amma zane-zanen zamani da aka yayyaɓa a bango ba su kwanta mini ba. Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne a Kaduna. Na san yadda gida yake zama ranar da aka ce an rufe, na san yadda uba yake fita da asuba ya zauna a bakin titi don kada maƙwabta su ga bai je aiki ba. A shekarun 1960 mutum sama da 17,000 ne ke cin abinci a wurin nan na Völklingen. Da na ga matasa suna ɗaukar hoto a gaban wani zane mai launi, a daidai inda wasu suka ƙarar da huhunsu, sai zuciyata ta yi nauyi. Har bikin kaɗe-kaɗe ana yi a filin. Ni da za a bi tawa, a bar wurin shiru, a rubuta sunayen ma'aikata a bango, shi ke nan.

Sadiya:
Malam, Allah ya saka wa Baba da alheri, na fahimce ka sarai. Sai dai ni zanen ne ya kai ni. Baje kolin zanen bango da suke yi duk bayan shekara biyu tun 2011 na je gani, ban san komai game da ma'aikata ba. A hanyar neman wani zane na faɗa lungun can. Kuma ko ka ga ɗaya aikin na Boltanski, inda ya jera tsofaffin akwatunan da ma'aikata ke rataye kayansu? In ka matsa kusa za ka ji muryoyin tsofaffin ma'aikatan da kansu suna ba da labarin aikin. Kusan abin da kake nema ne. Na sake komawa lokacin baje kolin da aka yi kan Afirka daga ƙarshen 2024 zuwa 2025, a cikin zauren injunan nan da Ɗan Maƙera ya faɗa. Ganin ayyukan 'yan Afirka a tsakanin injunan da suka gina arzikin Turai ya sa na daɗe ina tunanin daga ina albarkatun suke zuwa, wa kuma ya sha wahalarsu.

Malam Ɗanjuma Kakuri:
Ban ga akwatunan ba, 'yata. In Allah ya sa na koma zan neme su. Amma maganar kiɗa a wurin ina nan a kan bakana.

Injiniya Bala:
Malam Ɗanjuma, maganarka tana da nauyi, kuma akwai 'yan garin da ke tare da kai. Abin da zan ƙara shi ne, ƙarfe in an bar shi a sarari tsatsa ce ke cinye shi, kullum za ka tarar ana gyaran wani sashe, kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne. Mutanen da ke zuwa kallon zane da kiɗa suna cikin dalilin da ya sa ake ci gaba da kashe kuɗin. Da ba haka ba, da tuni an yanka tanderun nan an sayar a kilo.

Ni inda nawa ciwon yake daban ne. Ina tsaye a kan dandamalin nan mai mita 27, Ajaokuta ce ta faɗo mini. An fara gina ta tun 1979 tare da 'yan Sobiyet, ga tama a Itakpe kusa da ita, amma har yau babban tanderunta bai taɓa narka tama ba. Na Völklingen sun yi shekara ɗari da 'yan kai suna aiki kafin su huta. Kuma Maman Khalifa, in kin juya daga saman nan za ki ga masana'antar ƙarfe ta Saarstahl a maƙwabtaka tana ta aiki, garin bai bar sarrafa ƙarfe ba. Ki nuna wa yaran wannan ɓangaren ma, su san sana'a ce mai rai.

Abu Hanif:
Ga waɗanda ke arewa, jihar Saarland inda Völklingen take ta yi muku nisa, akwai irinsa a nan Duisburg, tsohuwar masana'antar Thyssen da ke Meiderich, wadda aka rufe a 1985. Landschaftspark ake ce mata. Shiga kyauta ne, ba a rufe ƙofa dare ko rana, fili ne mai faɗin hekta 180. Tsohuwar tankin gas an cika ta da ruwa ana koyon nutso a ciki, bangon rumbunan tama kuma masu hawan dutse ne ke atisaye a jikinsa. Ana hawa tanderu na biyar har mita 70, a ƙarshen mako kuma da dare ana haska wurin da fitilu ja da kore da shuɗi. Na je duka biyun. Namu ya fi daɗin yawo da keke da sakin yara su yi gudu, amma in so kake ka gane yadda ake mayar da dutse ƙarfe daga farko har ƙarshe, Völklingen ta fi. Injiniya, tambaya ɗaya: cikin hunturu ana barin mutane su hau can sama?

Injiniya Bala:
Ana buɗe wurin da hunturu, amma in akwai ƙanƙara ko iska mai ƙarfi sukan rufe wurin hangen na sama, don matakalar tana santsi. Mai son hawa ya duba yanayi kafin ya taso, ya kuma zo da safe. Sa'a uku ba ta isa in har za a shiga zauren injuna da lungun Boltanski a kuma gangara lambu.