Neman shawara: na zuba kuɗin adashi a waƙar yayan matata, rediyo sun ƙi sakawa

Sani Mai Tasi (Bronx):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kaina ne ya ɗau zafi. Da yawanku kun san matata 'yar asalin Puerto Rico ce, haifaffiyar nan Bronx. Lokacin aurenmu danginta duk sun juya mini baya, in ban da yayanta. Shi ya shiga tsakani, shi ya raka ni wurin lauya lokacin takardu, da motata ta mutu cikin hunturu shi ya ba ni aron tasa har na farfaɗo. Yanzu ya haura hamsin, gyaran tukunyar ɗumama gidaje yake yi. Amma da ƙuruciya mawaƙin freestyle ne. Ba rap ɗin da ake yi da ka nake nufi ba, wancan kiɗan rawar na shekarun 1980 da 'yan Latino na New York da Miami suka yi tashe da shi, ganga ta inji, waƙar kuma duk soyayya da kukan rabuwa. Ya ce ya sha hawa dandamali a kulob-kulob na Bronx, faifansa ne bai fito ba don ƙaramin kamfanin da ya ɗauke shi ya durƙushe.

Bara ya ce yana so ya gwada kafin murya ta tafi. Da na kwashi adashi na ba shi dala 6,000, aka yi waƙoƙi huɗu. Wallahi suna da daɗi, ina sakawa a mota fasinjoji na tambaya wane ne. Mun tura wa gidajen rediyo, shiru kake ji. Abin da ya fi ci mini rai, akwai tashar da duk ƙarshen mako take saka freestyle, amma tsofaffin nan dai, su ne jiya su ne yau. Ga sabo an kawo musu har gida sun ƙi ko saurara. Yanzu wani mai tallata waƙa ya ce in kawo dala 3,500 zai shigar da ita tashoshi. In biya ko kar in biya? Zubin adashi na kaina, ga kuɗin inshora.

Hajiya Mairo:
Wa alaikumus salam. Sani, kuɗin adashi ka sa a waƙa? Shi ya sa na daina riƙe adashi wa maza. Mutum ya roƙa a ba shi kwasar farko wai zai sayi mota, wata uku sai ka ji waya a kashe. Har yau akwai wanda nake bi dala 800, yana cikinmu nan, ya san kansa. Ita matar taka ta san nawa ka bayar?

Malam Habu Sauti (Newark):
Ƙanina Sani, kar ka ba kowa ko sisi sai ka karanta wannan. Na yi shekaru ina aikin na'urori a wani gidan rediyo a New Jersey, a gabana ake tsara jerin waƙoƙi.

Ka cire wa ranka cewa wani ya saurari waƙar ya ce ba ta da daɗi. Babu wanda ya saurara. Gidan rediyon kasuwa a Amurka talla yake sayarwa, waƙa kuwa aikinta ta riƙe kunne har tallar ta zo. Tun 2008 a New York ana auna masu sauraro da wata 'yar na'ura da ake ba zaɓaɓɓun mutane su rataya a jiki, tana kama tashar da ke tashi kusa da su. Mai tsara shiri yana gani a kwamfuta a wane minti aka murɗa. Waƙar da mutane ba su sani ba kuwa ita ce ake murɗawa. Kafin ma a saka waƙa sosai, ana kunna wa mutane 'yan daƙiƙoƙi na amshinta su ba da maki, wadda suka sani ita ke cinyewa.

To duba inda surukinka ya faɗa. Shirin ƙarshen makon nan na tuna baya ne. Matar da ke sauraro tana wanke-wanke so take ta ji waƙar da ta yi rawa da ita tana 'yar shekara 17, ba ta zo neman sabo ba. Tashoshin sababbin waƙoƙi kuma da sun ji gangar injin nan ta TR-808 da irin wancan salon sai su ce wannan na 1987 ne, ba na yaranmu ba. A wurin masu tsoho waƙarsa sabuwa ce, a wurin masu sabo tsohuwa ce. Babu gurbin da za a sa ta.

Sani Mai Tasi:
Na gode Malam. Amma ai a da ma sababbi ne suka saka har aka san su. Wani ne ya fara. Hajiya, maganar matata daban ce, ba ita na kawo ba.

Malam Habu Sauti:
A da akwai tashar da abincinta ke nan. Hot 103 ta buɗe a New York a 1986, ta koma 97.1 a 1988 ta zama Hot 97. Miami na da Power 96, Los Angeles na da Power 106. Lokacin mai saka faifai a kulob zai ga waƙa ta tada jama'a daren Asabar, ya kai ta rediyo cikin mako. Haka Shannon ta fito a 1983, haka Lisa Lisa, TKA, Cover Girls da Exposé. Zuwa 1993 Hot 97 ta koma hip hop, ƙofar ta rufe ke nan. A ƙarshen 1991 kuma mujallar Billboard ta fara lissafin jadawalinta na waƙoƙin da suka fi tashe da na'ura, ainihin abin da aka saya da ainihin abin da aka saka, sai manyan kamfanoni suka ga kuɗi na wajen rap da rock, suka bi can. Su kansu 'yan gidan sun watse. Marc Anthony da mawaƙiya India duk daga freestyle suka fara, suka koma salsa a farkon shekarun 1990. Ka lura ma, waƙar da ta kai Stevie B lamba ɗaya a Disamban 1990 mai sanyi ce, ba ta rawa ba.

Sai dokar sadarwa ta 1996 ta zo ta ƙarasa. Kafin ita kamfani ɗaya ba ya wuce tasha 40 a duk ƙasar. Bayanta Clear Channel, wadda yanzu ake kira iHeartMedia, ta tara sama da 1,200. Wanda kake jin muryarsa a rediyo yau ba shi ke zaɓen waƙa ba, jeri ake turo masa. Ko ƙanin uwarka ne ba abin da zai iya yi maka.

Abdul Jr:
Kawu Sani wa ke jin rediyo yanzu don Allah? Ku yanka daƙiƙa 20 mafi daɗi ku sa a TikTok, ku samu yara su yi rawa. Waƙar Kate Bush ta 1985 ba ta dawo ta mamaye duniya a 2022 ba saboda shirin Stranger Things na Netflix? Rediyo da kansu suka biyo ta.

Malam Habu Sauti:
Yaro, hujjata ka kawo. Tsohuwar waƙa ce ta shahararriya, kuma Netflix ne ya ɗauko ta. Sani na da Netflix a aljihu?

Ustaz Ɗanjuma:
Ni dai abin da zan ce, a ji tsoron Allah. Muna nan muna bara a kammala gyaran masallaci, an yi wata nawa ana sanarwa bayan Juma'a, mutane na sunkuyar da kai. Amma kuɗin kiɗa akwai. Ban kama suna ba.

Sani Mai Tasi:
Ustaz ai ka kama. Na ba da nawa a masallaci, akwai rasit. Mutumin nan ya yi mini abin da wasu 'yan uwa musulmi ba su yi mini ba, ba zan ga ya nemi abu ɗaya in juya masa baya ba.

Alhaji Garba Tireloli (Ohio):
Sani, ni ban yarda da Malam Habu gaba ɗaya ba. Ƙasar nan komai da ɗan tsakiya. Kaya ma ba ka samu sai ta hannun dillali, kuma yana cin nasa, wani lokacin ma ya fi direba ci, kar ku sa in fara. Masu tallata waƙa sana'a ce sananniya, manyan kamfanoni ma na ɗaukar su. Ka riga ka sa dubu shida, za ka bar ta ta ruɓe a waya saboda dubu uku da rabi? Ka taya, ka ba shi rabi, sauran sai ka ji waƙa da kunnenka.

Malam Habu Sauti:
Alhaji, da girmanka, wannan shawarar za ta kai shi ta baro. Gaskiya ne akwai masu tallata waƙa na halal, amma suna aiki ne da kamfanin da ke da kuɗin bidiyo, yawon wasa da talla a bayan waƙar. Kuma na gaskiya ba ya cewa "zan shigar", cewa yake "zan kai". Wanda ya yi maka alkawarin sakawa, ko ƙarya yake, ko cin hanci zai bayar. Dokar Amurka ta ce in an biya don a saka waƙa, dole a faɗa wa masu sauraro a iska. A 2005 babban lauyan jihar New York, Eliot Spitzer, ya sa kamfanin faifai na Sony BMG ya biya dala miliyan 10 a kan wannan. Abin da ya fi yawa, za a saka maka ita ƙarfe uku na dare a wata ƙaramar tasha ko ta intanet, a turo maka takarda mai tambari.

Ga wani abin da ban ji ka ambata ba. Ko an saka, rediyon AM da FM a ƙasar nan ba sa biyan mawaƙi ko mai faifai. Marubucin waƙa da mawallafinta kaɗai ke samu, ta hannun ƙungiyoyin da ke karɓar musu kuɗi irin su ASCAP da BMI. Na tauraron ɗan'adam da na intanet ne ke biyan mawaƙi, ta hannun ƙungiyar SoundExchange. To wa ya rubuta waƙoƙin? An yi musu rajista? Sunanka na jikin wata takarda?

Sani Mai Tasi:
Shi ya rubuta, da wani abokinsa mai situdiyo. Takarda tsakanina da suruki? Haba Malam. Kuma mai tallan nan ba ɗan damfara ba ne, na ga hotunansa da manyan mawaƙa, surukina ya san shi tun suna samari.

Hajiya Mairo:
Hoto! Ni ma ina da hoto da gwamna.

Baban Khalifa (Kano):
Ikon Allah, ashe ko'ina haka ne. Mu nan in kana da kuɗi ka sayi fili a rediyo, a saka abinka, ba ɓoye-ɓoye. Amma ku ji, ƙanina makaɗin kalangu ne, ya yi sababbin waƙoƙi, aka ce masa filin gargajiya na su Shata da Ɗanƙwairo ne, shi kuma ya je ya sa fiyano. Ya sa fiyanon aka ce ya ɓata gargajiya. Yanzu biki kawai yake bi, ko can ma DJ ya ƙwace.

Zainab Miami:
Yaya Sani, ni a Hialeah nake aiki, abokan aikina 'yan Cuba har gobe wannan kiɗan suke ji. Duk shekara ana haɗa tsofaffin mawaƙan a babban zaure, su goma ko fiye a dare ɗaya, wuri ya cika. Mutanenku na can. Kuɗin nan da za ka ba mai talla, gara ku nemi masu shirya irin wannan wasan ko da buɗe fage ne ya yi, ku bi masu saka faifai a bukukuwan 'yan Latino, da tashoshin intanet na freestyle zalla, su suna murna da sabo. Rediyon jami'o'i ma ba ruwansu da talla. Ku gwada Brazil kuma, a Rio suna son salon nan sosai, Stevie B babban mutum ne a can.

Malam Habu Sauti:
Zainab ta fi kowa kusa da gaskiya, sai dai a zauren ma kowa waƙoƙinsa biyu ko uku na da yake yi ya sauka. Su kansu masu sunan in sun fitar da sabuwa rediyo ba ta ɗauka, balle wanda bai taɓa fitar da faifai ba. Ni shawarata, a sake gangar, a sa ta zamani, a nemo yarinya mai tasowa ta yi amshi, shi ya tsaya a marubuci. Nan kuɗin yake.

Sani Mai Tasi:
Wannan ba zai yiwu ba. Mutum ya jira shekara talatin ya ji muryarsa a rediyo, in ce masa ya ba wata yarinya? Kuma ya ce in aka taɓa gangar ba freestyle ba ce kuma. Ba kuɗi kaɗai ba ne Malam. So yake mahaifiyarsu ta ji shi a rediyon kicin ɗinta, ta kusa tamanin, ba ta san wani TikTok ba.

Alhaji Garba Tireloli:
To ka ji. In don tsohuwa ta ji ne, ko ƙarfe ukun daren ne ai a tashe ta.

Malam Habu Sauti:
In haka ne ka sayi minti biyar a ƙaramar tashar AM da ke sayar da fili, a ce shiri ne na biya, a saka da rana tsaka. Halal ne a doka kuma ba zai kai kuɗin da ake nema a wurinka ba. Amma da farko cewa ka yi zubin adashi na kanka. Wanne ne, kyauta ka yi ko jari ka sa?

Abdul Jr:
Kawu turo waƙar mu ji mana, tun ɗazu ana ta magana ba wanda ya ji ta.

Sani Mai Tasi:
Ba zan iya turawa ba, mai tallan ya ce kar ta fita ko'ina kafin ya gama nasa aikin. Ya kira ɗazu ya ce zai karɓi 2,000 yanzu, sauran daga baya, amma sai kafin Juma'a don akwai wani a layi. Zainab, turo mini sunan tashoshin intanet ɗin ta akwati. Alhaji Garba, in kana kusa da waya zan kira ka bayan Isha.

Hajiya Mairo:
Har yanzu ba ka ce ko matarka ta sani ba.