Neman shawara: shigar da kundin Gaia, 2MASS da APASS cikin rumbun awon hasken taurari

Ɗalibin Falaki:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina aikin digiri na biyu a kan awon hasken taurari, kuma na zaɓi gungun M67 da ke burujin Kaguwa, domin yana kusan digiri 12 arewa da layin ikwaita na sama, wato yana bi ta bisa kanmu a nan Kano da tsakar daren farkon Fabrairu, idan hazo ya yi mana sassauci. Ina so in gina rumbun bayanai a PostgreSQL wanda zai riƙe taurarin da zan riƙa gwada awona da su, daga kundin Gaia DR3 (fitowar bayanai ta uku ta kumbon Gaia) da 2MASS da APASS da Pan-STARRS, waɗanda duk jerin taurari ne da awonsu, amma tun daga matakin farko abubuwa suka cakuɗe mini.

Da na nemi taurarin filin ta astroquery, manhajar Python ta ɗauko bayanai daga ma'ajiyun falaki, layi 50 kacal na samu, da na sake salon tambayar kuma sai ta tsaya cak a 2000. Na buɗe fayil ɗin a Excel don in duba shi, na adana, na loda, sai rumbun ya ƙi karɓa, wai lambar source_id, wato lambar shaidar tauraro a Gaia, ta maimaitu. Bayan haka na haɗa Gaia da 2MASS a kan tazarar sakan ɗaya na kusurwa, sai ga wasu taurari masu haske sosai ba su sami abokan haɗi ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne matsakaicin hasken taurarin Pan-STARRS ya fito ƙasa da sifili, abin da hankali ba zai ɗauka ba. Niyyata ita ce in zuba komai a teburi guda mai kolum ɗaya na magnitud, wato ma'aunin hasken tauraro. Ina na kuskure?

Mai Rumbu:

Wa alaikumus salam, Malam. Uku daga cikin matsalolinka ba na ilmin taurari ba ne, na sarrafa bayanai ne, saboda haka bari in ɗauke su, in bar wa masana sauran.

Layi 50 ɗin iyaka ce da astroquery ke sawa tun asali, ana cire ta idan aka mayar da Gaia.ROW_LIMIT zuwa -1, ita kuwa 2000 iyakar tambayar nan-take ce a ma'ajiyar Gaia. Ka yi amfani da launch_job_async, ka bar aikin ya gudana a can, sannan ka sauke sakamakon. Kada ka yi tunanin sauke kundin dungurungum: taurari kusan biliyan 1.8 ne a cikin fayiloli sama da 3,000, alhali kai ɗan da'ira kake buƙata.

Maimaituwar lamba kuwa Excel ne ya jawo maka ita. Lambar source_id tana kaiwa alƙaluma 18 ko 19, shi kuma Excel 15 kawai yake riƙewa, sauran ya mayar da su sifili ba tare da ya ce uffan ba, don haka taurari maƙwabta da lambobinsu suka bambanta a ƙarshe kaɗai sai su zama abu ɗaya. Fayil ɗin da ka adana ya riga ya lalace, babu gyara sai sake saukewa. Idan dubawa kake so, ka buɗe shi a TOPCAT, manhajar duba teburan falaki, a rumbun kuma ka ba kolum ɗin nau'in bigint, mai riƙe dogayen lambobi. Ko da haka ba zan ba ka shawarar ka mayar da source_id babban mabuɗin taurarinka ba, domin ba a lamunce cewa lambar tauraro a DR2, fitowa ta biyu, ita ce lambarsa a DR3 ba, har sai da aka yi teburi na musamman, dr2_neighbourhood, don bin sawun canjin. Ka ƙirƙiri lambarka ta cikin gida, ka ajiye ta Gaia tare da sunan fitowar da ta zo daga ciki.

Matsakaicin da ya faɗi ƙasa da sifili kuma, ka duba za ka tarar da -999 birjik a kolum ɗin. Haka Pan-STARRS ke nuna inda babu awo, SDSS, wani kundin daban, kuma -9999 take sawa. Ka loda kowane kundi ɗanyensa da umarnin COPY cikin teburinsa na kansa, kada ka taɓa shi, sannan a mataki na biyu ka juya waɗannan alamomi zuwa NULL, wato gurbi fanko. Don neman wuri a sama ka ɗora Q3C, wani ƙari na PostgreSQL, ka gina fihirisa da q3c_ang2ipix bayan an gama lodi. Shi zai raba ka da lissafin tazara da hannu, inda mutane ke mantawa da ninka bambancin RA (wuri gabas da yamma a sama) da kosain na Dec (wuri arewa da kudu), ko kuma su yi tuntuɓe a inda digiri 360 ke komawa sifili.

Malama Mai Awo:

Mai Rumbu ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai inda na fi jin tsoro shi ne jimlar da Malam ya rufe tambayarsa da ita, ta kolum ɗaya na magnitud. Sauran kurakuran duk suna yin ƙara a ji su, wannan kuwa shiru zai yi har ranar da za ka tsaya gaban masu jarraba ka.

Adadin magnitud ba ya nufin komai sai an san matacin hasken da aka auna shi da shi, da kuma inda aka kafa sifilinsa. Matacin G na Gaia faffaɗa ne ƙwarai, daga kusan nanomita 330 har 1050, alhali V na Johnson ɗan tsukakken yanki ne a wajen 550. Tauraro mai ja zai fito da haske sosai a G fiye da yadda yake a V, kuma M67 cike yake da jajayen ƙattai, tunda shekarunsa sun kai wajen biliyan 4. Ga kuma batun sifili. Gaia da 2MASS suna kan tsarin Vega ne, mai ɗaukar hasken tauraron Vega a matsayin sifili, Pan-STARRS kuma tana kan tsarin AB, mai kafa sifili a kan wani tsayayyen adadin haske, kuma bambancin ba ƙarami ba ne: kafin awon 2MASS ya koma AB sai an ƙara kimanin 0.91 a J, 1.39 a H, 1.85 a Ks. APASS da kake shirin dogara da shi ya haɗa tsarin biyu a layi ɗaya, B da V a kan Vega, g da r da i a kan AB. Wanda ya zuba waɗannan a kolum guda ya yi kamar mai haɗa mudun Kano da tiyar wani gari yana kiran su duka awo ɗaya.

Abin da nake yi shi ne teburi uku. Na farko na taurari, da lambar cikin gida da wurinsu. Na biyu na matatan haske, kowanne da sunan kundinsa da tsarin sifilinsa. Na uku na awo, inda kowane layi ke ɗauke da tauraro ɗaya, mataci ɗaya, adadin, kuskurensa, lokacin awon, da tutar inganci kamar yadda kundin ya ba da ita. Tutar nan kada a yar da ita. A 2MASS kolum ɗin ph_qual harufa uku ne, ɗaya ga kowane mataci, kuma idan ka ga U, to ba a ga tauraron a wannan mataci ba, iyaka ce kawai aka rubuta, ko da yake adadin yana zaune a gurbinsa kamar na gaske. A Gaia kuma ba za ka sami kolum na kuskuren magnitud ba, sai ka raba 1.086 da phot_g_mean_flux_over_error. Idan ka juya G zuwa V da ƙa'idojin da ke cikin takardun bayanin Gaia, waɗanda ke amfani da launin BP−RP, wato bambancin awon shuɗi da na ja, ka rubuta sakamakon a matsayin lissafi, kada ya zauna sahu ɗaya da abin da aka auna.

Taurarin da suka rasa abokan haɗi kuwa, tafiya suka yi. Wuraren Gaia DR3 na shekarar 2016.0 ne, 2MASS kuma ta ɗauki hotunanta tsakanin 1997 da 2001 daga Arizona da Chile. Mutane na ganin J2000 a jikin kundi sai su ɗauka ranar awo ce, alhali tsarin ma'aunin wuri ake nufi. Ranar awon 2MASS tana cikin kolum ɗin jdate. Tauraron da ke gusawa kashi ɗaya bisa goma na sakan a shekara ya yi sakan 1.6 cikin shekara 16, ya fice daga da'irarka ke nan, tauraron Barnard ma da ke yin sakan 10.3 a shekara ya yi kusan minti 3 na kusurwa. 'Yan gungun M67 kansu ba su kai ko rubu'in sakan ba a wannan tsakani, don haka ina kyautata zaton waɗanda suka ɓace maka na kusa da mu ne da suka faɗo cikin filin. Ka mayar da wuraren Gaia baya zuwa lokacin 2MASS da pmra da pmdec, wato kolum ɗin gusawar tauraro a shekara, kafin haɗi, q3c_join_pm na yin haka, kuma ka tuna pmra ta riga ta ƙunshi kosain na Dec, kada ka ninka sau biyu.

Baƙon Zaure:

Da izinin Malama, ina ganin an tsawaita hanya. Ma'ajiyar Gaia ta riga ta yi wannan haɗi da la'akari da tafiyar taurari, akwai tmass_psc_xsc_best_neighbour da panstarrs1_best_neighbour da apassdr9_best_neighbour. Tambaya ɗaya ta ADQL, harshen tambayar ma'ajiyar, ta wadatar, kuma ga wanda intanet ɗinsa ke yankewa wannan sauƙi ne babba.

Malama Mai Awo:

Gaskiya ne, Malam, kuma ni ma da su zan fara. Amma hotunan da ɗalibin zai ɗauka da nasa madubin ba sa cikin kowane teburi na Gaia, dole shi zai haɗa su da kansa, saboda haka gara ya koyi aikin a inda yake da amsar da zai gwada tasa da ita. Ko a teburan da ka ambata, a kwafo angular_distance da number_of_neighbours, wato tazarar haɗin da yawan maƙwabta, a ajiye, musamman a tsakiyar gungun inda taurari suka cunkushe, domin abin da APASS ta gani ɗaya sau da yawa Gaia biyu take gani, kuma irin wannan bai dace da zama tauraron gwaji ba. Na manta ban ce ba, Pan-STARRS tana cika ta tumbatsa a taurarin da suka fi magnitud 13 ko 14 haske, don haka jajayen ƙattin M67 a nemi awonsu a wani kundin.

Ɗalibin Falaki:

Allah ya saka da alheri, malamaina. Na sake sauke fayil ɗin ban bi da shi ta Excel ba, ya shiga babu ƙorafi, na kuma tarar da -999 ɗin kamar yadda Mai Rumbu ya faɗa. Da na mayar da wuraren baya, taurarin da suka ɓace sun dawo in ban da guda biyu, waɗanda na ga gurbin pmra ɗinsu fanko ne, wato suna cikin waɗanda Gaia ta ba da wurinsu kawai. Na sa musu tuta, na cire su daga jerin taurarin gwaji. Yanzu ina kan teburin matatan haske, kuma zan so Malama ta faɗa mini ko matacin V da ke jikin kyamarata zan ba shi layinsa daban da V na APASS, tunda ban auna bambancin launinsu ba tukuna.