"Da ɗan gari akan ci gari": zagi ne ko shawara?

Baushe_01:
Salam 'yan uwa. Jiya mun yi cacar baki da yayana kan wannan karin maganar har sai da aka shiga tsakani. Wai na nuna wa wani baƙo hanya a harkar kasuwanci shi ne ya ce min "da ɗan gari akan ci gari", na ce zagina kake yi kenan, ya ce a'a yabo ne. To ni dai tun tasowata cin amana na san tana nufi, ku fa?

UmmuKhalil:
Yayanka bai yi ƙarya ba gaskiya. Mu a gidanmu in za ka je baƙon wuri ake faɗa maka ita, wato ka nemi wanda ya san lungu da saƙo.

MaiAlli:
Cin gari na yaƙi ake nufi hajiya. Misalin da ke ci min rai kullum shi ne na Indiya da albarushi. Abu uku ake haɗawa, gawayi da farar wuta da wani farin gishiri da ke tsatsafowa a tsofaffin bangaye da ƙasar turken dabbobi, kuma gishirin nan shi ne kusan kashi 75 cikin 100. Gawayi ko'ina akwai, farar wuta suna samu daga Sisili, gishirin ne ya hana Ingila barci, har a zamanin Sarki Charles na 1 ma'aikatan sarki ke shiga gidajen mutane suna haƙe ɗakuna da bargar dawaki da ɗakin tattabaru, an ma taɓa ba da umarni a riƙa tara fitsari saboda shi wlh. Sai suka gano ƙasar Bihar da ke Indiya cike take da shi, kamfaninsu na East India ya kafa sansani a Patna, ana loda shi a kwalekwale ta kogin Ganga zuwa Kalkata daga nan sai jirgin ruwa. To a yaƙin Plassey na 1757 ai ba ƙarfin jagoran sojojin kamfanin Robert Clive ne kawai ya kayar da sarkin Bengal Siraj ud-Daula ba, babban kwamandan sarkin Mir Jafar ne ya tsaya da rundunarsa yana kallo don an yi masa alkawarin sarauta. Yana hawa, a 1758 ya damƙa wa kamfanin cinikin gishirin Bihar su kaɗai, 'yan Holan da Faransa suka koma 'yan kallo. In wannan ba ɗan gari ba ne to waye?

Baushe_01:
Yauwa malam, abin da nake faɗa wa yayana kenan!

Ɗan_Tasha:
Hhhh Mir Jafar ai yana da jikoki a wajenmu, ranar zaɓe suna rumfarka suna cin abincinka, dare na yi ka ji sun sauya sheƙa 😂

Gimbiya_Z:
Su da har gishirin bango za su sa wa haraji in sun ji yana kuɗi.

UmmuKhalil:
MaiAlli ni labarin naka wata magana ya tuna min, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Waye ke kankare ƙasar?

MaiAlli:
Talakawa ne da ake kira Nuniya, da rani suke bi suna kankarewa su tace su dafa, dillalai su ba su kuɗi tun kafin aiki ya zama bashi ya ɗaure su. Kuma ko manyan ba duka suka sha ba, akwai attajiri Omichund da ke cikin cinikin gishirin, ya nemi kasonsa a maƙarƙashiyar, Clive ya sa aka rubuta yarjejeniya biyu, ta gaskiya a farar takarda, ta bogi mai ɗauke da kasonsa a ja, aka nuna masa ta bogin.

Jikar_Inna:
Kun taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Kakata Allah ya jiƙanta ta sha ba mu labari, babanta maharbi ne a zamanin Turawa kuma lokacin bindiga da albarushi sai da izini, to shi ba shi da halin bin wannan layin sai ya riƙa haɗa nasa, ita tana 'yar ƙarama ita ake tasa da asuba ta bi bayan tsohon bango tana kankaro farin abin nan a ƙwarya, babarta ta dafa cikin dare a rufe ƙofa. Ta ce har ta tsufa in ta ga bango ya yi fari sai gabanta ya faɗi. Wata rana kawai sai ga dogarai har gida, ba su yi wani lalube ba kai tsaye suka nufi bayan rumbu inda ake ɓoyewa, suka tafi da bindigar da babanta, sai da ya yi kwanaki a tsare. Ashe maƙwabcinsu ne da suke cin tuwo tare ya kai rahoto. Duk sanda ta zo nan a labarin sai ta yi shiru ta ce ɗan gari. Abin da ya fi ba ni mamaki, ɗan wannan maƙwabcin aka aura mata daga baya, shi ne kakana, kuma ta ce bai taɓa ɓata mata rai ba har ya rasu.

UmmuKhalil:
Allahu akbar, Allah ya jiƙansu. Amma ya aka yi babanta ya yarda?

Jikar_Inna:
Ta ce maƙwabcin ya zo ya yi rantsuwa tsare shi aka yi da bulala kafin ya faɗa. Babarta dai ba ta sake gaishe shi ba har ta bar duniya.

MaiAlli:
To wannan daban yake da Mir Jafar, shi kujera aka yi masa tayi.

Ɗan_Tasha:
Namu ko tayin ba a yi musu, da kansu suke kai takarda.

Baushe_01:
Yanzu ni me zan ce wa yayan nawa? Har yau ba ma magana fa.

Gimbiya_Z:
Ka fara gaya mana baƙon nan nawa ya ba ka tukuna.