Sinaji: wace kalma za mu ba ta da Hausa?

Jama'a, assalamu alaikum. Akwai wata kalmar Turanci da ta daɗe tana ba ni wahala duk lokacin da nake fassara labaran tsaro a nan Gusau. Da wuya babban jami'i ya tashi jawabi bai ce ana buƙatar sinaji tsakanin soja da 'yan sanda da DSS da sibil difens ba. Asalinta Girkanci ce, ma'anarta aiki tare. Mu kuma duk mun saba mu ce haɗin gwiwa mu wuce. Ni dai raina bai taɓa kwanciya da wannan ba, shi ya sa na kawo ta gabanku.

Haɗin gwiwa ta yi faɗi. Kwamanda ya kai wa kwamanda ziyara, aka ɗauki hoto, sai mu ce haɗin gwiwa. Abin da sinaji ke nufi ya fi haka: aikin wannan ya shiga cikin na wancan a kan lokaci, har abin da suka samu tare ya fi abin da za su samu in kowa ya yi nasa aka tara. Haɗin kai kuma maganar zuciya ce. Mutum biyu na iya zama kansu a haɗe, amma ɗaya bai san inda ɗaya ya kwana ba.

Wani Malam a cikinku ya kawo shawarar mu ce gayya. Malam, na gode, Allah ya ƙara basira. Na juya ta sosai. Sai dai a gayya kowa kuyyarsa yake bi, aikin kuma iri ɗaya ne. In mutum biyar suka makara, gona za ta ƙare, yamma kawai za a yi. Tsaro ba haka yake ba. Mai bayanan sirri ba ya aikin mai jirgi, mai jirgi ba ya aikin askar, wato jami'in tsaron al'umma, da ya san kowace burtali a dajin, kuma makarar ɗaya na iya zama asarar rai. Taron dangi kuwa a ajiye ta, don kunne ya saba jin ta wurin da aka taru a kan mutum ɗaya aka zalunce shi.

Abin da nake gabatarwa shi ne ɗaukar jinka.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san yadda ake yi. A ƙasa ake ɗaura tsaiko, a yi tanka, sannan a kira maƙwabta su kewaye shi. Ba wanda ke ɗagawa don ya ga yana da ƙarfi. Mutum ɗaya ke ba da murya, a ɗaga gaba ɗaya, a tafi da taki ɗaya, masu dogayen sanduna su tallafa har a aza bisa katanga. In gefe ɗaya ya riga, jinka zai karkace, nauyi ya koma kan na ɗaya gefen, wani lokaci har a ji wa mutum ciwo. Kun ga abu uku ke nan da haɗin gwiwa ba ta faɗa: kowa da gurbinsa, lokaci ɗaya, murya ɗaya. Kuma ba baƙuwa ba ce, tunda kowa ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu gwada ta da abin da muka gani da idonmu. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a duk Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Katsina da Sakkwato da Kaduna sun bi baya a wasu ƙananan hukumominsu, amma ba rana ɗaya ba, sai daga baya. Ɗan bindiga kuwa bai san iyakar jiha ba, babur ɗinsa kawai zai tayar. Gefe ɗaya aka ɗaga.

Wanda ya fi ci min rai shi ne na Janairun 2025 a ƙauyen Tungar Kara da ke Zamfara, inda harin jirgin yaƙi ya faɗa kan 'yan sa-kai da suka fito bin sawun ɓarayi. Allah ya jiƙansu da rahama. Na sama da na ƙasa abokin gaba ɗaya suke nema. In ka ce babu haɗin kai ka yi musu ƙarya, kansu a haɗe yake. Muryar da za ta gaya wa wannan inda wancan yake ce ba a samu ba.

Yanzu ga rundunar Fansan Yamma da aka kafa a 2024 da hedikwata a Gusau, ga Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a Janairun shekarar, ga kwastam da jami'an shige da fice a kan iyakar Nijar. Hannuwa sun yi yawa. Kalmar da za mu sa a bakin jama'a ya kamata ta sa mai sauraro ya tambaya: wa ke ba da murya?

Wata Hajiya da ta ji wannan shawara ta ɗaukar jinka ta yi gyara mai kyau, cewa yaran birni da suka tashi ƙarƙashin kwano ba su san jinka ba, kuma a rediyo wani zai ɗauka rufin ɗaki ake nufi. Gaskiya ne, ranki ya daɗe. Shawarata mu fara da cikakkiyarta: haɗin gwiwa irin na ɗaukar jinka. In kunne ya saba, sai a yar da rabin farko. Daga labaran gobe da safe zan fara sa ta, wanda ya ji ta yi masa nauyi a kunne ya faɗa min a wace jimla ce.