Uretère da urètre: wane suna za mu ba kowanne da Hausa?

Ƴan uwa ma'aikatan lafiya da malaman Hausa, ku taya ni da kalmomi biyun nan: uretère da urètre. Ko a Faransanci sai ka kasa kunne sosai kafin ka rarrabe su. Mu kuwa duka biyun "hanyar fitsari" muke ce musu, mu wuce.

Watan jiya aka kawo kawuna daga Tawa zuwa nan Yamai, ciwon kwiɓi ya hana shi zama, ya hana shi kwanciya. Aka ɗauki hoton ciki, likita ya ce tsakuwa ce ta maƙale a uretère. Ni ke yin tafinta, na ce, "Kawu, tsakuwa ce a hanyar fitsari." Sai ya sunkuyar da kai, ya ja babbar rigarsa ya rufe gwiwoyinsa, bai ƙara cewa uffan ba. Da muka fito ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Ɗana, anya likitan nan ya gane? Ni gabana lafiya lau yake, a nan baya nake jin ciwon." Likita bai yi kuskure ba. Kalmata ce ta sa dattijo kunya, ta kuma sa shi shakkar magani.

Ga yadda abin yake. Ƙoda biyu suna tace kamar lita 180 na ruwan jini a kwana guda, su mayar da kusan dukansa cikin jiki, abin da ya rage, wajen lita 1 da rabi, shi ne fitsari. Daga kowace ƙoda akwai siririn bututu mai tsawon santimita 25 zuwa 30 da ke kai shi mafitsara. Shi ne uretère, kuma biyu ne. Daga mafitsara zuwa waje bututu ɗaya ne tak, urètre: kamar santimita 4 ga mace, kusan 20 ga namiji. Gajartarsa ga mace ce ke sa ƙwayoyin cuta saurin hawa mafitsara, shi ya sa ciwon mafitsara ya fi damun mata.

Wani ya ce mini a kira na farkon "jijiyar fitsari". Ban yarda ba. Jijiya ta riga ta ɗauki kaya da yawa, ta jini jijiya, ta agara jijiya, mai kai saƙo ƙwaƙwalwa ma jijiya. Wata ungozoma ta kawo "magangara". Kalmar ta yi mini daɗi, amma tana nuna fitsari gangarowa yake yi don kansa, alhali bututun yana da tsoka a jikinsa, matsawa yake yi yana saki, yana tura fitsarin ko mutum na kwance. Matsawar nan a kan tsakuwar da ta toshe hanya tana cikin abin da ke kawo azabar da kawu ya sha, mai tasowa ta lafa ta sake tasowa.

Na biyun, na so "indararo", tun da shi ke fidda ruwa daga gida. Sai dai indararo a buɗe yake kullum, wannan kuwa akwai tsokar da ke tsuke bakinsa har mutum ya isa bayan gida. "Mafitar fitsari" kuma ta yi kusa da "mafitsara" a kunne, mun koma gidan jiya ke nan.

Inda na tsaya: a kira kowanne da inda ya taso. Uretère, bututun ƙoda. Urètre, bututun mafitsara. "Hanyar fitsari" a bar ta ga tsarin duka, daga ƙoda har waje. Tun da a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, irin waɗannan kalmomi za su shiga littattafan makaranta, gara mu da ke gaban marasa lafiya mu sa baki tun yanzu.

Na gwada a kan kawu da yamma. Na ce, "Tsakuwar a bututun ƙoda take." Ya dafa kwiɓinsa na dama, ya ce, "Yauwa, nan ne."

Mutanen Adar, yankin Tawa, in mahautanku suna da sunan bututun ƙoda a jikin rago, ku kawo shi nan.